Rediyon da Aka Yafe

Malam Kalilu mai gyaran rediyo ya rasu wata Talata da hantsi, a gidansa da ke bayan rijiyar Kusugu, bayan zazzaɓin kwana uku. Shekara biyu ke nan da ƙaddamar da Shari'a a Katsina, lokacin da kusan kowane zaure za ka ji rediyo a kunne, ana bin tafsiri da labarai, don haka aiki ya yi masa yawa. Ba shi da shago a Daura. Kasuwannin ƙananan garuruwa yake ci. Yakan ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan babur, ya je ya shimfiɗa buhu a gindin bishiya. Abin da ya gyaru nan take ya gyara, wanda ya ƙi ya taho da shi gida, sai kasuwa ta zagayo ya mayar.

Matarsa Safiyatu ba ta taɓa taka ko ɗaya daga cikin garuruwan nan ba, amma ta san su a baki. In ya dawo da la'asar yana wanke ƙafa, ita tana tankaɗe, sai ya fara.

"Masu tafiya ba su san abin da suke wucewa ba," yakan ce. "Kowa Kano, kowa Katsina. Wanda bai sha furar Kulu a gindin tsamiyar kasuwar Dutsi ba, ai bai yi tafiya ba. Baure kuwa, gaisuwa kaɗai ta isa ta kai mutum can. Sai sun tambaye ka har lafiyar babur ɗinka."

"To yaushe za a kai ni?"

"Bari damina ta wuce."

Damina ashirin da tara ta wuce a haka.

Da ta fita takaba, Ya'u ƙanen marigayin ya zo suka buɗe ɗakin aikinsa don a tantance kaya, saboda an sa ranar rabon gado Juma'a ta sama. Tun wurin jana'iza aka yi shela cewa duk mai kaya a hannun Malam Kalilu ya zo ya karɓa, kuma mutane sun yi ta zuwa. Amma a can ƙarshen kanta akwai rediyo biyu da ba wanda ya nema, an goge su, an rufe da ƙyalle.

"Waɗannan sai a haɗa su cikin kaya," in ji Ya'u.

"Ba nasa ba ne."

"Yaya, wata huɗu da kwana goma fa. Mai abu da ya damu da ya zo. Ko suna babu a jiki."

Safiyatu ta nuna masa hannayen rediyon. An ɗaura wa ɗaya jan tsumma, ɗaya kore. Marigayin bai iya boko ba, kuma ba ya rubuta suna ko da ajami. Tsofaffin zannuwanta yake karɓa ya yayyaga, kowane gari da launinsa, masu kayan kuwa yana riƙe da su a kai. Ja na Dutsi ne, kore na Baure. Ita ta sani, domin ita ta ɗaura zannuwan har suka tsufa.

"Amana ce a wuyansa," ta ce. "In aka raba gado da kayan mutane a ciki, shi za a tambaya, ba ni da kai ba."

Ya'u ya yi dariya kaɗan. "To ke za ki kai? Ke da ko tashar mota sai an nuna miki?"

"Baki gare ni. Zan tambaya."

Ranar kasuwar Dutsi ta naɗe mai jan tsumman a zane, ta sa hijabi, ta je tasha. An ware wa mata kujerun baya, ta zauna gefen taga da rediyon a cinya. Duk hanya tana kallon gonakin gero da aka girbe, tana ƙoƙarin gane wuraren da yake faɗa mata, ba ta gane ko ɗaya ba.

Tsamiyar dai tana nan, sai dai ba ta kai girman da ta zata ba. A gindinta wata mace mai jiki tana dama fura, gefenta kuma wani yana sayar da tocila da batir a kan buhu. Safiyatu ta daɗe tana kallon buhun kafin ta yi sallama.

"Ke ce Kulu?"

"Ni ce. Ta nawa za a dama?"

Maimakon amsa, Safiyatu ta kwance zanen. Kulu ta dubi tsumman, ta dubi fuskarta, sai ta ajiye ludayi.

"Allahu akbar. Ke ce ta gidan Malam Kalilu. Zauna, 'yar'uwa, zauna nan kan tabarma. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa. Mutumin da kullum sai ya ce na cika citta, kuma kullum sai ya shanye."

Ba a sha wahala ba. Kulu ta san rediyon, na wani mai awon hatsi ne da ake kira Ɗanbaba, wanda ya tafi cirani Fatakwal bai daɗe da dawowa ba. Aka kira shi, ya zo yana kakkaɓe hannu, ya karɓa, ya yi addu'a mai tsawo. Kulu ta dama mata fura ta ce in ta yi maganar kuɗi za su ɓata. Safiyatu ta sha a hankali. Cittar ta yi yawa kam.

Ta iso gida kafin magariba. Ta cire hijabi ta rataye, ta buɗe baki za ta ce tsamiyar nan ai ƙarama ce, sai ta ga ba kowa a tsakar gidan sai kaji. 'Yarsu ɗaya, Madina, tana aure a Kano, ta koma tun bayan sadakar arba'in. Ta watsa wa kajin dawa, ta yi alwala.

Baure ta fi nisa. Motar ta bi ta Zango, ta tsaya nan ta tsaya can, ana ɗaukar masu awaki da masu buhuna, sai wajen azahar suka isa. Saura kwana uku a raba gado. A bakin kasuwa ta tambayi inda mai gyaran rediyo na Daura yake zama, aka nuna mata wata bishiyar darbejiya inda wani wanzami yake aski. Sunansa Mati. Gaisuwar ta yi tsawo kamar yadda aka faɗa mata: gida, gajiya, Daura, haƙuri, mutanen Daura, sannan aka koma kan gajiya.

Mati ya juya rediyon, ya ga inda aka ɗaure eriyarsa da waya. "Na Baba Auta ne. Mai tufkar igiya. Ya daina shigowa kasuwa, ƙafa ta hana. Bi nan har ki wuce masallaci, gidan da ke da kuka a ƙofa." Ya miƙo mata rediyon. "Amma Hajiya, ban ce zai karɓa ba."

"Ba nasa ba ne?"

"Nasa ne. Je ki dai."

Ta tarar da tsohon a zaure, ya miƙe ƙafa, ya maƙale igiyar rama a babban yatsa yana tufka. Zauren shiru, ba motsin kowa a cikin gidan. A bango akwai ƙusa da ɗan zagayen wuri mai haske, inda ake rataye wani abu da. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta faɗi ko ita wace ce, ta tura rediyon gabansa.

Baba Auta bai taɓa shi ba. Ya yi wa marigayin addu'a, sannan ya ce, "'Yar nan, kin sha hanya a banza. Wannan ba nawa ba ne."

"Mati ya ce naka ne, Baba."

"Da nawa ne. Ranar da labari ya zo mana, bayan sallar la'asar liman ya ce duk mai wani haƙƙi a kan Malam Kalilu ya faɗa. Na miƙe da sandata a gaban jama'a na ce akwai rediyona a hannunsa, na yafe masa duniya da lahira. An shafa fatiha. To yanzu in miƙa hannu in karɓa? In na haɗu da shi can in ce masa me?"

"Ai ya gyara shi. Yana yi."

"Na san zai gyara. Ba wannan ake magana ba."

Wata huɗu Safiyatu tana kwana tana tashi da nauyin abin nan a ranta, ashe tun ranar farko an sauke wa marigayin. Ya kamata ta ji daɗi, kuma ta ji, amma ba sosai ba. Wannan ne aiki na ƙarshe da ya rage ta yi masa, ga shi an ce ba a bukata.

"To tun lokacin da me kake jin labarai?" ta tambaya.

"Da kunnen maƙwabta. In iska ta juyo nan, nakan tsinci rabin tafsiri." Ya ci gaba da tufka. "Tsohuwar ta rasu bara waccan. 'Ya'yan suna Legas. Dare ne dai yake da tsawo, amma an saba."

Ta dubi ƙusar da ke bango, ta dubi rediyon. In ta koma da shi, ranar Juma'a za a jera shi cikin kaya, wataƙila ya faɗa hannun wanda yake da biyu a gida.

"Baba, in tambaye ka. Da ka yafe, ya zama na wa?"

"Na Malam Kalilu."

"Da ya rasu fa?"

"Na magada. Ke da 'yarki da sauransu."

"To zan faɗa wa ƙanensa da malamin da zai raba a sa shi cikin rabona. Ni kuma na ba ka shi sadaka, Allah ya kai ladan kabarinsa." Ta ƙara tura shi gaba kaɗan. "Ko za ka hana shi ladan?"

Tsohon ya tsaya da tufkar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi dariya har da tari.

"Kai, mutanen Daura! Shi ma haka yake, ba a kayar da shi a magana." Ya goge hannu a riga, ya jawo rediyon da hannu biyu. "Sadakar mamaci ba a mayar da ita. Na karɓa. Allah ya haskaka masa, ya sa ya huta."

Ya murɗa, rediyon ya yi ɗan shuu, sai muryar wani mai karanta sanarwa ta fito tas. Ya rage sauti, ya miƙa mata ta rataye masa a ƙusar, don ba ya iya tashi da sauri. Ya ce ta tsaya a nemo mata ko ruwa a maƙwabta, ta ce motar Daura ba ta jira.

Ta samu kujerar ƙarshe a baya. Ba ta san inda za ta ajiye hannuwanta ba, sai ta naɗe zanen da ta kawo rediyon a ciki ta riƙe. Da suka iso ta biya ta shagon Ya'u ta faɗa masa yadda aka yi. Ya ce ba komai, ranar Juma'a zai shaida wa malam, ya tambaye ta ko akwai sauran inda za ta.

"Babu," ta ce.

Ta wuce gida, ta buɗe ƙofa, ta ɗora ƙaramar tukunya.