Ƙullin Bahaguwa

…kuma ai ba sata na yi ba, Riziki. Me na ɗauka? 'Yar robar shaida ce, ko tafin hannu ba ta cika ba. Shuɗiya tawa, rawaya taki. Na kwance wannan na ɗaura can, na kwance waccan na ɗaura nan. Nutso biyu, an gama.

Ƙarar injin jirgin ruwan nan har cikin haƙorana. Kina can gaba kin ba ni baya. Dokta Shaame, malamin da jami'a ta turo mana, yana ta maimaita wa mutanen gari aikin yau: za a yanko rassan murjani daga uwa ɗaya tak, uwar da 'ya'yanta suka jure zafi, a cika duk gadajen da ke cikin ruwa da su. Wai tawa ce.

Wa ya koya miki iyo? Faɗi mana. Ni na tallabe cikinki a bayan gidan kakarmu, kina shan ruwan gishiri kina kuka. Ina zaƙulo pweza, dabbar tekun nan, daga raminsa, hannuwansa takwas suna nannaɗe mini damtse, ke ko haƙori ba ki fitar ba. Amma da masu aikin suka zo tsibirinmu na Pemba koya mana dashen murjani — a yanki reshe, a ɗaure shi a gadon ƙarfe a ƙasan teku, ya tsiro kamar dashen rogo — hoton wa aka liƙa a bakin gaɓa? Naki. Ke da wushiryarki da Turancinki na aji uku. Riziki zo ki yi wa baƙi bayani, Riziki tsaya nan a ɗauke ki. Mwatime kuwa, wato ni, ta ɗauko ƙarfe, ai tana da ƙarfi.

Ina jin haushinki. Na faɗa. Tun kina goye nake ji, ban san ranar da ya fara ba.

Gadona da naki, kafaɗa da kafaɗa, iri ɗaya, ido ba ya rabewa. Ni daga Dutsen Tsakiya na yanko nawa, ruwa mai zurfi, mai sanyi, inda murjani yake kamar an yi masa ado. Ke kuwa kika je wancan kududdufin na bayan bishiyoyin gaɓa, inda ruwa ke ɗumi kamar sauran shayi. Ba dariyar da ban yi miki ba. Na ce me zai fito daga wurin wanke ƙafa? Kika ce abin da ya saba da zafi ba zai ji tsoron zafi ba. Ko kallona ba ki yi ba, kina ta ƙullinki.

Sai zafin ya zo. Wata biyu teku kamar an ɗora ta a murhu. Kina birni wajen horo — ke aka zaɓa, wa kuma? — na nutsa ni kaɗai na gani. Nawa fari fat, kamar ƙashin kifin da rana ta gama da shi. Naki… naki yana nan da launinsa, har ƙananan kifi suna wasa a ciki. Iska ta kusa ƙare mini ina kallo. Hannuna ne ya fara, wallahi kafin zuciyata.

Dokta ya zo ya karanta robobi, ya rubuta: shuɗi ya rayu. Ya tambayi inda uwar shuɗi take, na nuna Dutsen Tsakiya. Aka yi guɗa. Ni ce zan je taron ƙasashen duniya, in hau jirgin sama, in faɗa musu yadda muka samo irin da ba ya mutuwa. Ni, Mwatime. Shekara arba'in da biyar ina jiran a kira sunana ba don a aike ni ba. Laifi ne in ji daɗi?

Shekara biyu ke nan gari ya hana kamun kifi a wurin gadajen. Mzee Pandu, dattijon da ke riƙe da injin nan, ya sayar da tarunsa, yana cin rogo ba mahaɗi, wai don jikokinsa su tarar da kifi. Yau zai nutsa ya ɗaura abin da na san zafin baɗi zai mayar da shi fari. Duka gadajen. Ba za a bar ko ɗaya don irin kududdufi ba, don rawaya ta mutu, haka takarda ta ce.

Kin sani. Kada ki yi mini wannan shirun — kin sani. Ke bahaguwa ce, ƙullinki yana juyawa ta hagu, ko da ido rufe za ki gane shi a gadon mai shuɗiyar roba. Ranar da kika dawo kika nutsa, na ƙirga, kin daɗe. Kika fito kika share fuska, kika ce, "Barka, Yaya." Washegari kika aiko mini da akwatinki na tafiya, da shinkafar kwakwa a kwano.

Me ya sa ba ki yi ihu ba? Ki tona ni gaban mutane, in ƙaryata, mu yi dambe a yashi, in huta. A'a. Ko a nan ma sai kin fi ni. Kin bar mini suna, kin bar mini jirgin sama, kin bar mini gari gaba ɗaya a kan harshe. Kina ganin kirki ne? Ko jira kike ki ga ko akwai sauran mutum a cikina?

An kashe injin. Shiru. Ga Dutsen Tsakiya a ƙarƙashinmu, kyakkyawa kamar kullum, har gefunansa sun fara koɗewa, ba wanda ya lura… ko kowa ya zaɓi kada ya lura.

Dokta yana miƙo mini almakashin yanka. "Yaya Mwatime, reshen farko naki ne."

Kin juyo. Sai yanzu kika juyo. Ba fushi a idonki, da ma akwai. Ƙarfen yana da sanyi a hannuna, mutane sun fara tafi, bakina a buɗe yake, Riziki, ina jin iska tana shiga — in na faɗa, ke za su sake ɗagawa sama. In ban faɗa ba…

Mzee Pandu har ya sa gilashin nutso.