Muryar Soling

Su biyar ne da farko, 'yan ƙauye ɗaya a tsibirin Panay na ƙasar Filifin. Sun kira kansu Dapog, wato murhu, don a madafar uwar Soling, mawaƙiyarsu, suka fara gwada kiɗa. Waƙoƙin masunta da na masu dashen shinkafa suka ɗauko, suka ɗora musu jitar lantarki da ganguna. Faifai bakwai suka yi, shida ba su ƙetare teku ba. Ɗayan kuwa, waƙar wata mata mai jiran kwalekwalen mijinta, ya kai har ƙasashen da ko gaisuwa ba a iya ba da harshensu. Aka shekara ana yawo da su a jirgin sama, daga nan duniya ta kama wani sabon yayi.

Shekara talatin da huɗu ke nan. Biyu sun rasu. Soling ba ta ajiye waƙa ba ko na wata guda, ko a ɗaurin aure ne ko a gidan makoki, da masu tafi da babu.

Ana jibi bikin gari, wani gidan talabijin na Manila ya turo Jovito, saurayi mai ladabi, ya ɗauki ukun da suka rage suna rera waƙar nan. Da la'asar aka yi gwaji a harabar coci. Berting ya taɓa jita, Islaw ya shigo da ganga, Soling ta ɗauka. Tana isa inda waƙar ke hawa sama, murya ta tsage.

Jovito ya matso yana murza hannu, ya kira ta Manang, wato Yaya.

“Manang Soling, kada ki wahalar da kanki. Za mu saka tsohon faifan, ke dai ki riƙa motsa baki.”

“In motsa baki? Kifi ka ga na zama?”

“Me ya ce?” in ji Islaw, wanda ganga ta cinye masa kunne ɗaya.

“Cewa ya yi ka tsufa,” in ji Berting.

“Wa ya rage bai sani ba?”

Soling ba ta yi dariya ba. Jitar take kallo.

“Berting, wa ya taɓa maka wannan?”

Jovito ya amsa da fara'a cewa mutanensa ne suka ɗaure tsirkiyoyin da na'ura, daidai da faifan, don su hutar da Manong Berting, wato Yaya Berting. Shi kuma Berting ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji da ya taɓa, kunyar baƙi ce ta hana shi magana.

Su Dapog ba su taɓa sanin wata na'ura ba. Soling ce take fara gunji da baki rufe, Berting ya bi ta da kunne yana sassauta tsirkiya har su haɗu. Kowace shekara muryar tana ɗan sauka, jitar tana bin ta, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Ta rufe baki ta yi gunji. Berting ya sassauta, ya ƙara sassautawa. Ta sake ɗaukar waƙar daga can ƙasa, da kauri, ba gaggawa, ta kai ta har ƙarshe. Matan da ke jera furanni a ƙofar coci suka tsaya da aikinsu.

Jovito ya sosa ƙeya.

“Ta yi daɗi, Manang, amma ba ita mutane suka sani ba.”

“Ɗan nan, matar ta tsufa a bakin teku tana jira. Da wace murya kake so ta kira shi? Ko dai in rera da bakina, ko ku ɗauki kujera ku ajiye faifan a kai.”

Ya koma gindin mangwaro ya daɗe yana waya, yana kai da komo. Soling ta zauna tana fifita da kwali, ko inda yake ba ta duba ba. Da ya dawo sai ya ce Manila ta yarda, amma minti uku kawai za a ba su, ba shida ba.

“Baiti biyu ke nan,” in ji Soling. “Ni zan zaɓa.”

“An fasa ne?” Islaw ya tambaya.

“Za a yi. Ka wanke farar rigarka,” in ji Soling.