Sunan Mai Zane

Duk ranar Alhamis, da ta sha kokonta ta ɗauraye kofi, Malama Ikilima takan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gidanta da ke Ƙofar Baru, ta saƙala tabarau a hanci, ta jawo littafi ɗaya daga kwali. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu a Daura kafin ta yi ritaya. Mijinta, Malam Hafizu, ya rasu shekara shida ke nan, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa. Gidan da a da sai ta daka tsawa kafin a ji maganarta, yanzu ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ta ɗago kai ta zaci sallama aka yi. Kaɗaici na cin ta, kuma ita ba mai zuwa gidan mutane ta zauna ba ce.

Abin da ke riƙe ta shi ne zauren da tsohuwar abokiyar aikinta, Adama, ta buɗe a waya. Iyaye mata ne da malaman firamare, sun haura ɗari da arba'in, daga nan cikin gari har Mashi da Mai'aduwa. Kowane mako Malama Ikilima za ta duba littafin yara mai hotuna guda ɗaya, ta yi saƙon murya ta ce a saya ko kada a saya, da kuma 'yan shekara nawa ya dace da su. Tana da hanyarta. Da farko takan rufe rubutun da tafin hannu ta bi hotunan kaɗai, in ta gane labarin a haka to littafi ne, in ba ta gane ba ta ce an dai ɓata takarda. Bakinta kuwa ba ya ragawa. Ta taɓa cewa akuyar wani mai zane ta fi kama da karen da ya sha wuya. Wani kuma ta tambaye shi, a gaban kowa, a wane gari ya ga mace tana daka sanye da takalmi mai tsini.

Sai dai duk zafinta, akwai dokar da ba ta karyawa. Kafin ta ce komai sai ta faɗi sunan littafin, da sunan wanda ya rubuta, da sunan wanda ya zana, cikakku. In wata ta turo hoton littafi ba ta ambaci mai zanen ba, nan take za ta hau ta.

"Haba baiwar Allah! Hotunan daga sama suka faɗo? Mutum ya duƙa wata da watanni yana zane, ki kasa faɗin sunansa?"

Ranar wata Litinin da hantsi, direban wata motar Kano ya yi sallama a zaure ya miƙo mata ambulan mai kauri. Ta ɗauka irin waɗanda masu buga littattafai ke aiko mata ne. Ta yage bakin, ta zaro littafi mai bango ruwan ƙasa, an rubuta Hutun Audi. A ƙasa kuma: labari da zane, Jamaluddeen Hafizu Daura. Sai ta nemi bakin rijiya ta zauna.

Jamaluddeen ɗanta ne na fari. Shekararsa talatin da tara, yana Kano yana zanen allunan talla da bangon littattafai, kuma tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Haka ta taras ana yi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana zancensa ta sunkuyar da kai. Uwarta ma haka ta yi da babban wansu har ta koma ga Allah. Da aka yaye shi, kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Mashi, can ya tashi, sai dogon hutu yake zuwa. Ita takan ce masa Na-Mashi, ko kawai "kai". Shi kuma Yaya yake ce mata, kamar yadda ya ji ƙannen ubansa na cewa, alhali ƙannensa na kiranta Umma. Kuma Allah ya sani, cikin 'ya'yanta biyar ba wanda take so kamarsa.

A cikin ambulan ɗin akwai 'yar takarda. "Yaya, ga shi na gama. Ki duba kamar yadda kike duba na kowa." Da ta leƙa waya ta ga tun safe Adama ta saka lambarsa a zauren, wai don ya ji sharhin da kunnensa. Malama Ikilima ta yi tsaki ta ce Adama dai ba ta rabo da katsalandan.

Ta buɗe littafin ta ɗora tafin hannu a kan rubutun, kamar na kowa. Irin labarin nan ne da ake yanka shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, magana na fitowa daga bakin mutane cikin 'yar da'ira. Yaro ne, Audi, yana zaune da kakarsa a ƙauye, aka kawo shi birni hutu. Kai, Na-Mashi ya iya zane! Ga manyan motocin Kongolam na bakin iyaka an lafta musu kaya har sun karkace. Ga mai fura tana kora ƙuda da faifai. Ga wata kaza da ta bi Audi shafi uku tana harararsa, har Malama ta yi dariya ita kaɗai, dariyar ta yi mata wani iri a kunne cikin gidan da ba kowa.

Sannan ta lura da matar gidan da Audi ya sauka. Tana cikin kusan kowane shafi, amma ba a ganin fuskarta. Nan ta ba da baya tana hura wuta, can gefen ɗankwalinta kawai ya shigo. Malama har ta buɗe baki za ta ce mai zanen nan bai iya fuskar mace ba, sai ta kai shafi na goma sha tara. Hannu ne kaɗai a wani ƙaramin gida, yana tura tsokar nama ƙarƙashin tuwo a kwanon Audi, yadda sauran yara ba za su gani ba. A wuyan hannun akwai tabon ƙuna mai kama da ganyen zogale. Ta janye tafinta daga kan shafin ta juya nata hannun ta duba. Ashe ya sani. Duk shekarun nan tana zaton ba wanda ya gani, ashe yaron yana kallo.

A shafin ƙarshe Audi na cikin mota za a mai da shi ƙauye, ya manna fuska a gilashin baya. Matar na tsaye a bakin zaure, ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Malama Ikilima ta tuna labulen, ta tuna cewa in ta juyo ranar, hawaye za su tona ta a gaban surukarta. Ta gane ba rashin iyawa ba ne. Fuskar da ba ta taɓa ba shi ya kalla sosai ba, ina zai samo ta ya zana? Ta rufe littafin, ranar ko girkin rana ba ta ɗora ba.

Alhamis ta zo. Ta shimfiɗa tabarma, ta gyara murya, ta danna wayar.

"Assalamu alaikum iyayen yara. Littafinmu na yau sunansa Hutun Audi. Wanda ya rubuta ya kuma zana shi ne..."

Nan ta tsaya. Ta goge ta sake. Sau huɗu tana kaiwa daidai wurin nan tana tsayawa, kamar jakin da ya ga rami. Ta ji kamar uwarta na zaune a bakin ƙofar ɗaki tana kallonta, ta ji abin da matan unguwa za su ce, wai Ikilima ta tsufa ta zubar da kunya, tana kiran sunan ɗan fari a waya duniya na ji. A karo na biyar ta ce, "Wani ɗan garin nan ne ya rubuta ya zana," ta wuce da sauri. Daga nan bakinta ya saki. Ta yabi motocin, ta yabi kazar, ta ce ya dace da 'yan shekara takwas zuwa sha biyu, ta ce rubutun shafi na shida ya yi ƙanana a gyara in za a sake bugawa. Ta ce a saya, har ta maimaita. Matar da ba ta da fuska kuwa ko kusa ba ta je wajenta ba. Ta tura.

Ba a yi minti goma ba wata malama daga Mai'aduwa ta rubuto, "Malama, yau kuma ina sunan mai zane? Ko dokar ta tashi?"

Adama ta yi caraf ta amsa, "Ku yi mata uzuri, ɗanta ne na fari. Alkunya ce."

Shi ke nan sai zaure ya ɗauka. Allah sarki Malama! Mutanen dauri ke nan! Wannan ita ce tarbiyya, ba irin ta yanzu da za ka ji uwa na ƙwala wa ɗan fari kira a tsakiyar kasuwa ba. Yabo ya yi ta zubowa, ita kuwa kowane ɗaya ya shigo sai ta ji kamar an mintsine ta. Ba yabo take jira ba. Idonta na kan lamba ɗaya.

Sai wajen azahar ya rubuto. "Na ji sharhi. Na gode, Malama. Za a gyara shafi na shida." Ƙasa da wannan, cikin ƙananan haruffa, wayar ta nuna ya fita daga zauren.

Malama. Bai ma ce Yaya ba. Ya roƙe ta ta duba shi kamar na kowa, ta ba kowane baƙo daga Zariya da Kaduna sunansa cikakke, har wanda ya zana akuya kamar kare, shi ta mai da shi wani ɗan garin nan.

Washegari bayan an sauko daga masallaci Adama ta kira ta, tana ta murna wai mutum ashirin da uku sun ce a kawo musu littafin.

"Kin ga ya fita?" in ji Malama Ikilima.

"Wa? Au, Jamalu? Ke ma dai! Namiji zai zauna cikin mata ɗari yana jin surutunmu? Ai ya san al'ada, ba yaro ba ne. Kin yi daidai, wallahi kowa na yaba miki."

"Adama, don Allah ki bar ni da yabon nan haka. Ya ishe ni."

Ta kashe wayar. Ta san Adama ba ta yi ƙarya ba, ya san al'ada. Ya san ta tun yana ɗan shekara biyu, kuma ya yi mata biyayya shekara talatin da bakwai bai taɓa cewa uffan ba. Sau ɗaya tak ya nemo ƙofar da za ta iya faɗin sunansa ba tare da kowa ya zarge ta ba, tunda dokarta ce kuma aikinta ne. Ya buɗe mata ita da hannunsa, ta ƙi shiga.

Ranar Asabar da safe ta share tsakar gida, ta ba kaji dussa, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, ko da yake ba wanda zai ji ta. Ta fuskanci bango ta gwada. Da farko iska ce kawai ta fito. Ta sake, ya fito a karye, rabi a ciki rabi a waje. Sunan ya yi mata tsawo a baki, ta yi mamakin yadda ta kira dubban yara a rajista, har da masu irin sunan, amma a aji takan ce "mai sunan Na-Mashi" yara su yi dariya. Ta faɗa sau uku har ya daidaita. Sai ta zauna a bakin gado ta nemo lambarsa, kafin zuciyarta ta canja.

Ya daɗe bai ɗauka ba. Da ya ɗauka, ta ji ƙarar injin da hayaniyar titi a bayansa.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. An tashi lafiya? Ya mai ɗakin naka da yaran?"

"Duk lafiya. Ya jikin naki, ƙafar ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Gaisuwa ta ƙare, kuma a nan hirarsu ta saba ƙarewa. Ta ji yana shirin cewa to sai an jima. Ta damƙe gefen katifa, ta rufe ido.

"Jamaluddeen."

Ta ji ƙarar injin ta yi nisa, kamar ya fita waje ya ja ƙofa. Ta ji numfashinsa. Har ta fara tsoron ko layin ya yanke.

"Na'am," ya ce, da wata murya da ba ta san shi da ita ba. Ya ɗan jira, ya sake cewa, "Na'am, ina jin ki."

Yana jira ta faɗi abin da ta kira shi don shi. Ita kuwa sunan kaɗai ta tanada, ba ta shirya komai a bayansa ba. Ta zauna riƙe da wayar a kunne, hawaye na sauka a kan zaninta, shi ma bai kashe ba.