Gidan Inna a Kwamfutar Hidaya

Ranar da Hidaya ta fara juya akwati a kwamfuta, ihu ta yi har maƙwabciyarsu ta buga bango. Akwati ne kawai fa, toka-toka, ba ƙofa ba taga. Amma ta ja shi ya miƙe, ta danne shi ya baje, ta leƙa ƙarƙashinsa, ta kwashe da dariya ita kaɗai. A ajin da ta ɗauka a kwalejinsu ta nan Bronx, da wata manhajar kwamfuta ake gina komai mai tsawo da faɗi da zurfi: kujera, mota, har gari sukutum. Tulun da ta fara yi da dankali ya yi kama, amma sai da ta tura hotonsa ga duk wanda ke cikin wayarta.

Mutum ɗaya ne abin bai burge ba, mahaifinta Malam Abdul-Jalil, mutumin Damagaram, direba a ofishin jakadanci. "Bon," in ji shi da Faransanci, "wasan yara dai. Ƙarshen zangon nan ki koma karatun jinya." Ita kuwa ba abin da take so a duniya kamar ajin nan. Ta roƙe shi alfarma guda, ya ga aikinta na ƙarshen zango kafin ya yanke hukunci. Ya ce to.

'Yan ajinsu wani gada yake ginawa, wata jirgin sama. Ita sai ta ɗauko gidan kakarta Inna da ke unguwar Birni a Damagaram, gidan ƙasa da ruwan sama ya rushe bayan rasuwar tsohuwar, gidan da Hidaya ba ta taɓa takawa ba. Gwaggo Zahra, ƙanwar babanta, ita ta zama idonta. Kullum saƙon murya daga Damagaram: "Ke, rumbu hagu yake, ba dama ba! Randa biyu ce, ɗaya bakinta a fashe." Hidaya ta fasa bakin randa tana tsalle. Wata rana yatsanta ya zame, gidan ya ɓace ɓat. Ta yi salati ta dafe kai, sannan ta danna maɓallin komawa baya, sai ga shi cas. Rawar da ta taka a kicin, ba a magana.

Ran Lahadi bayan la'asar ta zaunar da Baba gaban kwamfuta, jirgin ƙasa mai lamba huɗu na wucewa yana girgiza musu taga. Ta buɗe aikin yadda ake buɗewa a aji, wato daga sama. Tsakar gida, madafa, makewayi, komai a fili. Ta zuro da su ƙasa fuuu, ta ratsa bango, sai tsakiyar ɗakin Inna.

Baba ya kifa tafinsa a kan allon. "Subhanallahi! Ta ina kika shigo da ni?"

"Ta sama, Baba. Haka ake yi, an fi ganin komai."

"Ta sama? Gidan mutane? Ki ratsa bango da ni mu faɗa ɗakin uwata sai ka ce ɓarayi? Fitar da ni!"

Shi ke nan, ta ce a ranta, jinya ta kira. Ta kai hannu za ta rufe kwamfutar.

"Wa ya ce ki rufe? Mai da ni lungu. Gida ƙofa gare shi."

Ta mai da su waje, ta sauko da kallon daidai tsayin mutum. Ga dakali, ga ƙofar zaure da zanenta. Baba ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum."

Wayyo, dariya ta taso wa Hidaya har wuya, ta ciji leɓe. Mutum na yi wa kwamfuta sallama! Amma bai motsa ba. Jira yake. Ya sake sallama, wannan karon muryarsa ta yi ƙasa. Nan dariyar ta koma ciki. Ta gane Inna ce mai amsawa a wannan ƙofa, kuma Inna ba ta nan. Tausayinsa ya kama ta.

"Wa alaikumus salam," ta ce a hankali. "Maraba, a shigo."

Suka shiga taku-taku, ta zaure, suka sha kwana, zuwa tsakar gida. Ya daɗe yana kallon randar mai fasasshen baki, ya share ido da hannun riga, bai ko ɓoye ba. Can ya ɗaure fuska ya nuna bayan rumbu.

"Ina kurnar da ke nan?"

"Ba a koya mana itatuwa ba tukuna, Baba. Sai zango mai zuwa."

Ya sake duban bayan rumbun.

"To, ki je ki koyo," in ji shi. "Inna ba ta zama a gidan da ba inuwa."