Jaririn Hoto Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Tun ranar da Kaka ta dawo gidan Mama da zama, akwatin ƙarfen nan na tsofaffin hotuna ya zama abin rigima. Inna, yayar Mama, ta ce ita ce babba, a hannunta ya kamata ya zauna. Kawu, ƙaninsu, ya ce shi ne namiji. Mama kuwa ta tura akwatin ƙarƙashin gadonta, ta sako zanin gado har ƙasa.

Kawu ne ya kawo maslaha. Ya ce, "Ga Tabarau nan, ba aikinta ke nan ba? Ta zuba su a kwamfuta kowa ya samu. Na asalin kuma a raba. Wanda ke cikin hoto, hoto nasa ne."

Tabarau ita ce 'yar Mama ta biyu. Tun tana aji biyu gilashin idonta ya cinye mata suna. Watanta tara da fara aiki a laburare, a ɗakin da ake ɗaukar tsofaffin takardu a na'ura ana rubuta bayaninsu. Shugabarta a can mace ce da ba ta son wargi, kuma abu biyu ta cusa mata a kai. Na farko, hoton da ba shi da bayani maraya ne. Na biyu, abin da ba ki da hujja a kansa, ki rubuta "ba a tabbatar ba", ko da kuwa uwarki ce ta faɗa. Lokacin Tabarau ta yi dariya, ba ta san magana ce za ta biyo ta har gida ba.

Ranar Asabar da hantsi ta kafa sikana, na'urar ɗaukar takardu, a kan teburin falo, ta buɗe kwamfuta, ta zura safar hannu fara.

Inna ta leƙo ta saman kafaɗarta ta ce, "Tiyata za a yi wa hotunan?"

"A'a Inna, maiƙon hannu yana ɓata su."

"Shekara hamsin muna taɓa su da hannun miya, ba su mutu ba."

Tabarau ta nuna musu jadawalin da ta tsara. Kowane hoto yana da layinsa, kowane layi yana da gurabe: lamba, take, ranar ɗauka, wuri, waɗanda ke ciki, wanda ya ɗauka, sai gurbin ƙarshe na wanda ya ba da bayanin. Ta ce kwanan wata kuma da tsarinsa, shekara ce a gaba, sannan wata, sannan rana.

Hoto na farko, ta tambayi shekara. Inna ta ce shekarar da rufin kicin ya rufto ne. Mama ta ce a'a, kafin nan ne, don ga rufin nan a tsaye a bayan mutane. Kawu ya ce shi dai ya san bai fara gemu ba. Tabarau ta dubi gurbin, gurbin ya dube ta. Ta rubuta "ba a tabbatar ba".

Kafin azahar ta rubuta kalmomin nan sau talatin da ɗaya. Kawu ya ce idan aka ci gaba a haka, shi ma ya fara shakkar ko an haife shi.

Sai aka zo hoto na arba'in da bakwai.

Tabarau ta san shi tun kafin ta iya karatu. Marigayi kakanta ne, mai gyaran agogo, yana zaune a kan benci a ƙofar shagonsa, da jariri a cinya cikin farin shawul mai furanni. A bayansa agogo goma sha ɗaya ne a bango, babu biyu da suka yarda da juna. Mama tana da shekara uku ya rasu. Ba ta tuna muryarsa, ba ta tuna tafiyarsa, fuskarsa ma a wannan hoton ta san ta. Duk ranar da abin duniya ya ishe ta takan ciro shi ta ce, "Kin ga ni da Babana." Shi kaɗai ne hoton da take da shi tare da shi.

Mama ta gyara zama ta ce, "Rubuta, ni ce."

Inna ta ce, "Ke wa? Dubi goshin nan. Duk gidanmu wa ke da goshi in ba ni ba?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Ke da kike da hotuna uku da shi."

"To don ina da uku sai a ƙwace mini na huɗu?"

Suka juyo gaba ɗaya suka zuba wa Tabarau ido. Ta san kalma ɗaya ce za ta buga, Mama ta tashi da hotonta. Ta kuma san Shugaba ba za ta taɓa ganin wannan jadawalin ba. Amma sai ta ji kamar matar tana tsaye a bayan labule da biro a hannu.

Ta ce a hankali, "Sai da hujja."

Mama ta ce, "Hujja? Ni da na haife ki?"

"Mama, ai ba haihuwata ake tambaya ba."

Kawu ya tuntsire da dariya har ya shaƙe. Mama kuwa ta yi mata wani kallo da ya sa Tabarau ta sunkuyar da kai, ta shiga ƙara girman hoton a allo don kawai ta sami abin yi. Tana cikin jan sa sama da ƙasa, sai ga kalanda a tsakanin agoguna biyu. Ta ƙara girma, ta goge gilashinta, ta sake dubawa. Shekarar da aka haifi Mama ce.

Ta juya wa Inna allon. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Kalanda ba ta riga shekararta fitowa. A wannan shekarar kin kai biyu, kina gudu da ƙafarki."

Inna ta ce kwamfutar 'yar gida ce, dole ta bi uwar ɗakinta. Mama ta miƙa hannu za ta ɗauki hoton, sai Kawu ya dafe shi da yatsa ɗaya.

"Dakata tukuna. Ni fa ban da sha'awar rigima, amma an ce Baba ba ya sauke kalanda in hoton jikinta ya yi masa kyau. Ta iya shekara biyu a rataye. In haka ne, ni ne."

Mama ta ce, "Kai? Da wannan shawul mai furanni?"

"Gado na yi. Har wandon makaranta naku aka yanka mini."

Abin haushin shi ne, gaskiya ya faɗa. Kalanda tana nuna ba a ɗauki hoton kafin shekarar ba, ba ta nuna ba a ɗauke shi bayanta ba. Tabarau ta so ƙwarai a ce ba ta san haka ba.

Ta ce, "A tambayi Kaka mana."

Su uku suka kwashe da dariya, karon farko da suka haɗa baki a ranar. Mama ta ce, "Shekara arba'in muna tambayarta. Duk wanda ya je sai ta ce, kai ne mana."

Duk da haka Tabarau ta ɗauki kwamfutar ta nufi ɗakin Kaka, sauran suka biyo ta a jere. Tsohuwar tana zaune a bakin gado tana warware wani tsohon saƙa, rediyo na magana shi kaɗai a kan taga. Tabarau ta durƙusa ta nuna mata allon.

"Kaka, wane ne jaririn nan?"

Kaka ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Rubutawa zan yi. Kuma a gefe zan sa cewa ke kika faɗa."

Hannun Kaka ya tsaya. "Da sunana?"

"Da sunanki da kwanan wata."

"Wa zai gani?"

"Kowa. Jikoki, da 'ya'yan jikoki. Ba ya gogewa."

Kaka ta ajiye zaren, ta kashe rediyo. Ta ce, "To ba za a rubuta mini ƙarya ina bakin kabari ba. Magana iska ce, rubutu kuwa shaida. Ɗan maƙwabta ne."

Su uku suka dubi juna. Inna ce ta fara samun bakinta. "Ɗan wa?"

"Ɗan matar kafinta. Mai hoto ya zo, ya kafa akwatinsa, ya ce ba zai jira ba. Ita kuma wannan," ta nuna Mama da haɓa, "tun safe take tsala ihu, ta yi ja kamar an tsoma ta a ruwan zafi. Babanku ya sa sabuwar riga. Sai na ce a aro na maƙwabta, jariri ai jariri ne, wa zai gane? Yaron kirki, ko motsi bai yi ba. Yanzu an ce direban babbar mota ne."

Kawu ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Inna ta ce, "Shekara arba'in ina kare goshin direba!"

Mama ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta, ta ce, "To shi ke nan." Muryarta ta fito ƙarama, irin wadda Tabarau ba ta taɓa ji ba. Nan take Tabarau ta tsani laburare, da jadawali, da Shugaba, da ranar da ta koyi karatu.

Ba don tana sa rai da komai ba, sai don gurbin wuri yana nan fanko, ta tambaya, "Kaka, ke kina ina lokacin?"

"Ina gefe mana, ina jijjiga ta. Mai hoto yana ta ce mini in matsa."

"Kin matsa?"

"Ni? A ƙofar shagon mijina?"

Tabarau ta ja hoton zuwa gefen dama, inda gefen takardar ya yi rawaya, inda kowa ya ɗauka tabon ruwa ne. Ta ƙara girma sau biyu, sau huɗu. Ga gefen zani. A samansa ga wata 'yar ƙafa tsirara, ta miƙe a iska, yatsunta a ware don masifa. Kuma mai gyaran agogo, in aka lura, ba mai hoto yake kallo ba. Idonsa yana can gefen, bakinsa a ɗan buɗe, kamar mai cewa yi shiru mana, uwata.

Mama ta matso. Ta durƙusa kusa da 'yarta, ta daɗe tana kallon allon, har ta kai yatsa ta taɓa shi. Tabarau ba ta yi maganar maiƙon hannu ba.

Inna ta share ido da bayan hannu ta ce, "Ƙafa dai ba mutum ba ce. A ba ta gefen, a aika wa direba sauran."

Kaka ta ce, "Ke, rufe mana baki."

Tabarau ta gyara gilashinta ta buga, tana karantawa a fili: "Waɗanda ke ciki: marigayi mai gyaran agogo, ɗan maƙwabta, na aro, Mama, ƙafar dama kawai. Mai ba da bayani: Kaka."

Mama ta ja hanci, ta ƙara kusanto da fuskarta.

"Ta hagu ce," in ji ta. "Gyara. Ni na san ƙafata."