Ranar da Gwaggo Ta Tashi

"Danna, Yaya! Dannawa na ce, ba shafawa ba!"

Injiniya ne ke ihu, rabin jikinsa a cikin injin mota, sifana a hannu. Wanda yake wa ihun yayan matarsa ne, dattijo mai mutunci, wanda ya zo da fararen kaya don ya yi shaida, sai ga shi an sa shi danna ɗan famfon mai. Duk dannawa ɗaya sai kumfa ta tsarto daga notin da Injiniya ya sassauta, ta sauka a gaban rigar Yaya.

"Iska ce ta shiga layin mai," in ji Injiniya. "Motar dizal ba ta shiri da iska. Da zarar kumfar nan ta ƙare, ka ga aiki."

"Allah ya sa ta ƙare kafin rigata ta ƙare," in ji Yaya.

Shi dai Injiniya ko ƙofar makarantar kanikanci bai taɓa leƙawa ba. Buga hatimi ya yi a ofis har ya yi ritaya. Da aka yi gwanjon tsofaffin motocin ofishin, ya ɗauko wata jif mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda ba ta san rami ko taɓo ba. Da baya ya shigo da ita tsakar gida, wai don fita ta yi sauƙi, sannan ya kashe ta don ya duba wata 'yar ƙara da ya ji. A kan 'yar ƙarar nan yara suka girma suka bar gidan, kaji suka yi jikoki a ƙarƙashin motar. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu. Motar kuma suka sa mata Gwaggo, saboda ta zauna daram a tsakar gida, ba ta aikin komai, kuma ba mai iya ce mata ta matsa.

Matarsa tela ce. Kekunan ɗinkinta a falo suke, masu kawo ɗinki kuma sai sun raɓa ta jikin Gwaggo kafin su shiga. Ta yi haƙuri har ranar da baƙin mai ya lalata leshin wata mata da ba ta san wasa ba. Ran nan ta kira yayanta, aka zauna, aka yanke magana: yau, kafin rana ta faɗi, idan Gwaggo ta fita ta ƙofar gida da ƙafarta, ta tsira. Idan ba ta fita ba, a yanka ta a sayar da ƙarfen, a gina ɗakin ɗinki a wurin.

Mai sayen tsofaffin ƙarafa ma tuni ya iso. Yana zaune a inuwa, injin yankansa da babbar gudumarsa a gefe, yana kallon Gwaggo irin kallon da mahauci ke yi wa sa.

"Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka," ya ce. "Ba za ta ji zafi ba. Hannuna da sauri."

Injiniya ya koma kan injin. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Ba ƙarfen ne ya dame shi ba. Tun da ya bar ofis, Gwaggo ce dalilin da yake tashi da safe ya sa tsohuwar riga. In aka yanka ta, gobe wa zai ƙara kiransa Injiniya, ko da wasa ne?

Kumfar ta ragu, ta ragu, sai ga mai garau yana fitowa. Injiniya ya ɗaure notin. Ya duba kan batirin da ya aro, ya shiga ya murza makulli rabi, ya jira injin ya ɗau ɗumi, ya yi bisimilla, ya ƙarasa murzawa.

Gwaggo ta yi tari. Ta sake yi, ta girgiza tun daga ƙasa har sama, sannan ta saki wani ruri da ya watsa kaji ta ko'ina. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe shanyar da ke kan igiya. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga.

"Ta tashi!" in ji Yaya, ya manta da rigarsa. "Wallahi ta tashi!"

Injiniya ya sauko ya rufe bonet, idonsa ya kawo ruwa, bai ma ɓoye ba. Ya koma ya zauna, ya kama sitiyari, ya taka kuloci, ya ɗago kai ya dubi gabansa. Nan ya tsaya cak.

Shekara da shekaru yana tsaye gaban injin, ya ba ƙofa baya, in kuma ya shiga ciki bonet a buɗe ya tare masa gani. Sai yau ya dubi ƙofar gidansa da idon direba. Ga ɗan siton da ya gina don ajiye kayan gyaran Gwaggo, ya cinye rabin mashigar. Shi da kansa ya tsaya a kan magini, ya ce a cire ƙyauren ƙofar gidan guda ɗaya, a yi bangon da kauri saboda ɓarayi. Abin da ya rage, baro ma sai an karkata shi.

Ya sauko ya bar injin yana aiki, don in ya kashe, batirin aro ba zai sake tayar da ita ba. Man da ke tanki kuma ɗan kaɗan ne. Matarsa na tsaye a ƙofar falo, abin awo rataye a wuya.

"Maman Auta, kin san da wannan?"

"Tun ranar da aka aza bulon farko."

"Kika yi shiru?"

"Haba, Baban Auta," ta ce a hankali. "Wa ya zaci za ta tashi?"

Maganar ta soke shi fiye da duk tsokanar 'yan unguwa, don ba da gatse ta faɗe ta ba. Ita ma ta ga yadda fuskarsa ta canza, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da abin awon.

"Ai abin mai sauƙi ne," in ji mai ƙarafa, ya miƙe yana karkaɗe wando. "In na ɗan rage mata gefe da gefe, tsaf za ta wuce."

"Ara mini gudumarka."

"Ranka ya daɗe?"

"Gudumar na ce!"

Bugun farko ko gezau bangon bai yi ba, sai Injiniya ya tsine wa wanda ya ce a yi shi da kauri. Yaya ya tuɓe babbar riga ya karɓe shi. Maƙwabta suka shigo, kowa na ba da shawara, kaɗan na ɗaukar bulo. Da bangon ya faɗi, asirin siton ya tonu: filtoci sababbi fil waɗanda ba na Gwaggo ba ne, bel ɗin da ya yi gajarta, fitilun wata mota daban. Matarsa ta shiga ciki. Ta kawo kwandon wanki ta riƙa kwashewa tana kaiwa gefe. Mai ƙarafa ya taya ta, yana ɗaga kowane ƙarfe yana jin nauyinsa.

Rana ta yi ja lokacin da hanya ta buɗe. Injiniya ya shiga, ya sa giya, Gwaggo ta taka tarin ɓaraguzan kamar ba komai, ta fita titi. Unguwa ta ɗauki tafi.

"Na shaida," in ji Yaya. "Ta fita da ƙafarta."

Injiniya na shirin sa giyar baya sai aka buɗe ɗaya ƙofar. Matarsa ce ta hau da ƙyar, ta share ƙurar kujera da gefen mayafi, ta zauna.

"Ja mu je, kafin ta canza ra'ayi. Tun da ka sayo ta ka yi mini alkawarin zagaya gari."

Bakinsa har kunne, ya kai hannu zai gyara madubi. A cikin madubin ya hango tsakar gidansa fayau, da babban tabon baƙin mai inda Gwaggo ta zauna. A kan tabon, wani mutum ya durƙusa yana kafa turaku yana ja da igiya. Maginin nan ne dai da ya gina masa sito.

"Wancan fa?"

"Na ce masa ya zo da yamma, ko ta tashi ko ba ta tashi ba," in ji ta, tana kallon gaba. "Fita aka ce ta yi, Baban Auta. Ban ji Yaya ya ambaci dawowa ba."

Injiniya ya daɗe yana kallon madubin. Injin na ruri a ƙarƙashinsu, matarsa na zaune a gefensa ta riƙe ƙofa gam. Ya karkata madubin sama har ya daina ganin komai sai rufin motar, ya sa giya ta ɗaya.