Injin da Ya Koyi Darar Dattijo

Shekara bakwai muka yi muna faɗuwa a dara da gangan, mu uku: ni Maikano tela, da Sabo mai kifi, da Isyaku mai gyaran keke. Wanda muke faɗuwa dominsa shi ne Alhaji Dattijo, kuma duk Wudil babu wanda ya sani sai mu. Fatanmu ɗaya ne, ya koma ga Allah bai sani ba.

Kada wani ya ce mana munafukai. Shekarar farin nan da shanu suka riƙa zubewa a hanyar kara, Dattijo ya buɗe rumbunansa uku na Kausani ya ce kowa ya ɗiba. Gidana mutum goma sha ɗaya ne, da dawarsa muka kai damina. Da na je godiya sai ya tambaye ni ko shi ne Allah. Na ɗinka masa riga, ya ba ladan. Sabo ya kai masa kifi, ya raba wa maƙwabta. Mutum ne da ba ya karɓar komai, abin har ya fara ba ni haushi. Sabo ne ya lura cewa abu ɗaya tak Dattijo yake so a duniya, ya ci dara. Shekara talatin yana zama da mu a gindin ɗorawar da ke gaban shagona, Allah ya ba shi komai ya hana shi dara.

Wanda ya ƙirƙiro dara, Allah ya jiƙansa, ya bar ƙofa a buɗe. Gurbi talatin, kowa 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci ɗaya, duk wannan lafiya. Matsalar ita ce doki: ka shirya 'ya'yanka yadda ɗa guda zai matsa gaba ya cika uku, ya dawo baya ya cika wasu ukun. Daga nan wasa ya mutu, saura jana'iza. Shi kuwa Dattijo yana da wani kashi, wato yadda yake kasa 'ya'yansa a farkon wasa, da yake ji da shi, wanda yake miƙa wa abokin wasa doki tun kafin a gama kasawa. Faɗuwa a hannunsa ya fi ɗinkin aska takwas wuya. Sai ka ga dokin, ka kawar da kai, ka rushe shi da hannunka, sannan ka yi tsaki kamar abin ya ba ka mamaki. Shi a ganinsa tun da ya dawo daga Makka hannunsa ya buɗe.

Baƙi kuwa mun yi musu doka. Duk mai son wasa da Dattijo sai ya fara cin Maikano. Ba yabon kai ba, ba a taɓa wuce ni ba.

Ana haka ɗansa Halliru ya dawo daga Turai. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati na tura yara karatu kamar ana aiken su cefane. Ya sami aiki a wata ma'aikata a Kano, kuma ya dawo da wani inji kamar tafireta, ana haɗa shi da talabijin da rakoda. Kwamfuta yake ce masa. Yaro ne mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai ya yi imani da darar ubansa fiye da uban.

Ya durƙusa ya gaishe mu, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen Turai, sannan ya ce, "Kawu Maikano, so nake in zuba darar Baba a cikin kwamfuta. Ko bayan ransa, jikokinsa su yi wasa da shi."

Na ce, "Madalla." Sabo ya ce, "Madalla." Isyaku kuwa ya tashi ya tafi wai ya bar faci a wuta.

Wata uku Halliru yana zuwa duk Juma'a da littafinsa, yana rubuta inda ubansa ya sa ɗa da inda ya matsa. Ya ba kowane gurbi lamba. Sannan ya ce mu faɗa masa dokokin dara dalla-dalla, don shi inji ba ya gane "ai ka sani". Nan muka gane ba mu san dokokin ba. Ya tambaya, in mutum ya jera huɗu fa? Na ce ba ci. Sabo ya ce a Lajawa ci ne. Na ce to ya koma Lajawa. In ɗa ya toshe ba inda zai matsa fa? Isyaku ya ce ai ba a bari hakan ta faru. Halliru ya ce in ta faru fa? Isyaku ya ce sai a tashi a yi sallah. Yaron ya rubuta wani abu a littafinsa, ban san me ba.

Da farko hankalinmu ya kwanta, don injin sakarai ne. Ranar da aka fara gwada shi, ya jera uku ya cinye ɗansa na kansa. Halliru ya gyara. Sai ya koma sa ɗa a gurbi na talatin da ɗaya, wanda in da akwai shi, a kan tabarmar Sabo yake. Ya gyara wannan ma. Sai ya kama ɗa guda yana kai shi gaba yana dawo da shi, babu ci babu dalili, har aka kira la'asar. Kwana huɗu Halliru yana neman abin da ya jawo haka, ashe waƙafi ɗaya ya manta. Da komai ya daidaita, matarsa Mairo ta ɗauki kaset ɗin da ya adana aikin a ciki ta naɗi waƙar bikin ƙanwarta a kai. Ya zo ya zauna a shagona. Na ce masa haƙuri, wata ƙila ishara ce ya bar abin. Ya ce a'a, yana da shi a takarda. Kwana tara ya yi yana sake bugawa da yatsa biyu.

Wata Juma'a ya shigo shagon da safe ya rufo ƙofa. Ya rame, wuyan rigar da na ɗinka masa da Sallah ya yi masa yawa.

"Kawu, kwamfutar ta daina kuskure."

"Alhamdu lillahi."

"Amma ba ta ci. Na gwada ta da mutum shida a ofis. Har tsohon mai gadinmu ya ci ta sau uku, yana yi yana cin goro."

Na ci gaba da taka keken ɗinki. Na ce mai gadi ai ba shi da aiki sai dara.

"Na bi layi ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da Baba yake yi, shi take yi. Dole akwai inda na ɓata, amma na rasa. Ko kai ka ga wani abu da Baba yake yi wanda ban rubuta ba?"

Tausayinsa ya kama ni, wallahi ya kama ni. Yaro yana neman ɓarawo a ɗakin da ba a yi sata ba. Amma na tuna dawar nan, na ce masa wata ƙila zafin Kano ne, tun da abin a ƙasar sanyi aka ƙera shi. Ya tafi ya saya masa fanka.

Da ya bar abin a Kano da shi ke nan. Sai dai Dattijo ya riga ya gaya wa duk wanda ya gaisa da shi cewa ɗansa ya sa shi a talabijin. Ya tsayar da rana, Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ranar da gari yake cike da 'yan kasuwa. Halliru ya roƙi a ƙara masa wata guda, uban ya ce ai an riga an faɗa wa mutane. Muka yi shawara mu uku, muka tsaya a kan ni zan zauna da injin in faɗi. Na saba, faɗuwa ɗaya ba za ta ƙara mini komai ba.

Ranar aka jawo waya daga shagona, aka ɗora talabijin a kan benci, aka kunna masa fankarsa. Mutane sun fi hamsin. Na tattara riga zan zauna ke nan sai wani ya riga ni. Haladu ne, dillalin shanu daga Achika, mutumin da sau biyu ina korar sa da ƙyar.

Na ce, "Malam Haladu, ka san doka."

Dattijo ya ɗaga hannu. "Bar shi, Maikano. Dokar ta mutane ce. Baƙo ne, a ba shi."

Na duba Sabo. Sabo yana duban ɗorawa.

Aka fara. Haladu ya sa tsinke, Halliru ya buga lambar, injin ya yi shiru kamar minti biyu, sannan lamba ta fito a talabijin, Halliru ya ɗauki dutse ya sa a gurbin. Dattijo yana kan kujerarsa, ya gyara zama.

"Nan zan sa," in ji shi.

Na biyu ma ya ce, "Nan zan sa." Na uku har ya juya yana duban mutane. Ni kuwa na gane kashin nan ne sak, babu ragi. Yaron ya iya aikinsa, abin da ya cuce mu ke nan.

Kafin a gama kasawa dokin ya tsaya a fili. Haladu ya dube shi, ya dubi talabijin, ya sake dubansa, kamar wanda aka ba saniya kyauta yana neman inda take ciwo. Na yi tari. Na sake yin tari. Ya ce, "Sannu, Maikano," ya hau dokinsa.

Gaba, ci. Baya, ci. Duk ci sai an jira injin minti biyu ya yi tunani, sannan ya matsar da wani dutse can gefe da ba ruwansa da rigimar. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. 

Halliru ya buɗe littafinsa a kan gwiwa, yana bin shafi da yatsa. Ina tsaye a bayansa, ina gani. Wasan da na yi da ubansa wata rana ne, an kasa kamar na yau, gurbi da gurbi. A nan inda Haladu ya hau doki, an rubuta abin da ni na yi: na ɗauke ɗan da ke tsakiya na kai shi kusurwa. Ya buɗe wani shafin, na Sabo, haka. Na Isyaku, haka. Ya daɗe a kan shafin nan. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban kawar da kai ba, don ban ga amfanin hakan ba.

Duwatsu biyu suka rage wa injin. Haladu ya karkaɗe hannu ya ce, "To, Alhaji, in dai wannan ce darar, ni ban ga abin da ya sa ake tsare ta ba."

Dattijo bai kula shi ba. Ya sunkuyo yana duban gurabun, muryarsa ta yi ƙasa.

"Halliru. Ka ce darata ce a ciki."

"Na ce, Baba."

"Duk inda ya sa, nan zan sa. To yaya aka yi?"

 Dattijo ya juyo ya dube ni, ya dubi Sabo, ya dubi Isyaku, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na ga tambayar tana tasowa a fuskarsa.

Halliru ya rufe littafin.

"Laifina ne, Baba. Yanzu na gani. Ina zaune a gabanka nake rubutawa, ba a bayanka ba. Tun daga ɗa na huɗu na juya lambobin, damarka ta zama hagu. Ba nan kake sawa ba."

Ƙarya ce. Kullum a gefen ubansa yake zama, kafaɗa da kafaɗa, mu uku shaida ne.

"Haka ne," in ji Sabo. "Ni ma na ga kamar an juya."

Dattijo ya sake duban ƙasa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Sai ya ja dogon numfashi ya jingina da kujera, fuskarsa ta dawo daidai. Daga nan ya fara. Ya ce shekara huɗu gwamnati tana ciyar da yaro a Turai, ya dawo bai san dama da hagu ba. Ya ce ya tara masa mutane ranar kasuwa ya kunyata shi a gaban Achika. Ya ce da ya sani da kiwo ya tura shi. Yanzu kam aka yi dariya, har da su Haladu, har wani yana cewa boko ba hankali ba ne. Wata shida na aikin yaron, kuma babu kuskure ko ɗaya a ciki.

Halliru yana durƙushe, kansa a ƙasa, yana naɗe waya a hannu.

"Ka ji abin da na ce?" in ji Dattijo.

"Na ji, Baba. Haka ne."